Darasi: Zaɓen Kwamfuta Mai Sauƙin Kuɗi Don Tsofaffin Wasannin Dabara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a inuwa a unguwar Birni ko Zango ta Damagaram ya kalli dattawa biyu sun tona gurabe 30 a ƙasa, wannan da tsinkaye 12, wancan da tsakuwa 12, ya riga ya san abin da ake nufi da wasan dabara. Dara ba ta neman ƙarfin damtse ko saurin hannu. Tana neman mutum ya hango inda abokin wasansa ya dosa, ya toshe masa hanya tun bai iso ba. Akwai wasannin kwamfuta da aka gina a kan irin wannan tunani. Ana ba ka ɗan ƙauye da mutane kaɗan. Ka tura wasu gona, wasu saran itace, wasu haƙar zinariya. Ka gina rumbu da kasuwa da ganuwa, ka tara dawaki, sannan ka yanke shawara ko sulhu za ka yi da maƙwabci ko yaƙi.

Ɗan Damagaram ba baƙo ba ne a wannan lissafi, domin tarihin garinsa ke nan. Sarki Tanimun, wanda mulkinsa ya ƙare a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna ƙera masa igwa a cikin gari, ya riƙe hanyar fatake mai bi ta Agadas zuwa Tarabulus, ya kuma san lokacin da zai lallaɓa Shehun Borno da lokacin da zai ɗaga masa kai. Abinci, katanga, makami, kasuwa da siyasa, da waɗannan ake cin wasannin da za mu yi magana a kansu. Shi ya sa ba na ganin abin kunya ne magidanci ko uwargida su so su. Na fi son in ga matashi a fada yana lissafin yadda zai ciyar da birni ya tsare shi daga mahara, da in gan shi yana ta jan hotuna a waya har dare ya raba.

Tambayar wannan darasi ita ce, wace kwamfuta za a saya idan kuɗin hannu kaɗan ne? A Damagaram tsofaffin wasanni ba su da matsalar ƙarfin na'ura. Kusan kowace kwamfutar ofis da aka ƙera daga 2013 zuwa yau ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe kwamfuta a nan shi ne zafin bazara, ƙurar hunturu da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, abin da ke cinye aljihu kuma shi ne data. Wanda ya kashe kuɗinsa wajen maganin waɗannan zai yi shekaru yana wasa. Wanda ya kashe shi a kan babban suna da fitilu masu launi zai san hanyar shagon mai gyara tun damina ba ta faɗi ba.

A fara da sunan wasan

Kada ku je kasuwa sai kun rubuta sunayen wasannin da kuke so a takarda, da shekarar da kowanne ya fito. Shekarar tana da muhimmanci ƙwarai, domin wasa ɗaya yakan fito sau biyu ko uku da suna kusan iri ɗaya, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Mu ɗauki Age of Empires II. Kamfanin Microsoft ya fitar da shi a 1999, kuma abin da ya nema a lokacin shi ne furosesa mai gudun megahaz 166 da RAM megabait 32. Wayar hannu mai RAM gigabait 2, irin wadda ke aljihun da yawa daga cikinku, tana da ninki 64 na wannan. A 2013 aka sake fitar da shi da hoto mai ɗan kyau, aka kira shi HD Edition. A 2015 aka ƙara masa wani kashi mai suna The African Kingdoms, inda mutum zai iya riƙe daular Mali ya bi labarin Sunjata, ko ya riƙe Habasha. Wannan ma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta. Amma na 2019, Definitive Edition, yana neman Windows 10 mai bit 64 da RAM aƙalla gigabait 4, kuma saukar da shi daga intanet yana cin gigabait masu yawa. Wanda ya ce wa mai shago "Age of Empires nake so" ya yi shiru, bai gaya masa komai ba tukuna.

Haka jerin Civilization yake. A cikinsa ba a gaggawa, kai ka yi takunka, kwamfuta ta yi nata. Na huɗu ya fito a 2005, akwai Mansa Musa na Mali a ciki, kuma RAM megabait 256 ne mafi ƙarancin abin da ya nema. Na biyar, na 2010, ya kawo daular Songhai da Askiya da birnin Gao, ya nemi gigabait 2. Stronghold Crusader na 2002, wanda gona ba ta yiwuwa a cikinsa sai a dausayi, kuma ake karawa ko ƙawance da Salahuddin, ba shi da nauyi ko kaɗan. Haka StarCraft na 1998, wanda kamfanin Blizzard ya mai da shi kyauta a 2017. Europa Universalis IV na 2013 yana buɗe taswirar duniya tun daga 1444, a cikinta kuwa akwai Kano, Katsina, Zazzau, Azbin da Borno a matsayin ƙasashen da mutum zai iya mulka. Shi wannan yana son furosesa mai ɗan ƙarfi, don yana lissafin ɗaruruwan ƙasashe a kowace rana ta wasan.

Akwai guda ɗaya da na san zai ja hankalinku. A Agustan 2021 aka ƙara wa Age of Empires III: Definitive Edition wani kashi, The African Royals, wanda ya shigo da Hausawa cikin wasan, da Kano a matsayin babban birninsu, da Sarauniya Amina, da mahaya ƴan lifidi. Kowane Bahaushe zai so ya gani da idonsa. Sai dai a wajen nauyi wannan ba tsohon wasa ba ne. Masu shi sun ce RAM gigabait 8 ne mafi ƙaranci, ga wurin ajiya sama da gigabait 40. Idan yana cikin takardarka, to shi ne zai yanke maka irin kwamfutar da za ka saya, kuma sai ka ƙara kuɗi. Idan babu shi, kada ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa mora ba.

Sannan akwai na kyauta, waɗanda masu sa kai suka rubuta suka bar wa duniya halal: Freeciv, Battle for Wesnoth, OpenRA, 0 A.D., da OpenTTD na gina layin dogo da harkar sufuri. Wanda ba shi da katin banki na biya ta intanet daga nan ya kamata ya fara. Freeciv da OpenTTD ƙanana ne ƙwarai, ƴar data kaɗan ta isa a sauke su. 0 A.D. ya haura gigabait 1, yana kuma son hoto mai ɗan ƙarfi.

Abin da ke cikin akwatin

Furosesa ita ce mai lissafi. A kasuwarmu an fi cin karo da na Intel, masu suna i3, i5 da i7, kuma nan ne aka fi yi wa mai saye wayo. Za a nuna maka ƴar takardar da ke manne kusa da madannai a ce, "Dubi, i7 ce." Wannan rabin magana ne. Sai an duba lambar da ke biye. A i7-2620M, lambar farko bayan karan, wato 2, tana nufin zubi na 2, na shekarar 2011. A i5-6300U zubi na 6 ne, na 2015. A i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017, kuma tana da cibiyar lissafi 4, ita kuwa waccan i7 ɗin 2 gare ta. Ke nan i5 ta 2017 ta fi i7 ta 2011 aiki, ta fi ta sanyi, ta fi ta tattalin batir. Ga wasannin da suka fito kafin 2010, i5 daga zubi na 4 zuwa sama ta wadatar. Wanda aljihunsa zai kai zubi na 8 ya daure ya kai, saboda wani dalili da bai shafi wasa ba: Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar galibin furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na 8.

Yawancin tsofaffin wasanni cibiya ɗaya suke aiki da ita, don haka yawan cibiyoyi ba ya ƙara musu komai, gudun ɗayar ne abin dubawa. Wannan ne ya sa nake hana ku ƙananan kwamfutocin nan masu sheƙi, masu furosesa Celeron N ko Atom, da ake sayarwa da arha a cikin kwali. Sababbi ne, ba ƙarya, amma lissafinsu a hankali yake, wurin ajiyarsu sau da yawa gigabait 32 ne ko 64, RAM ɗinsu kuma a like yake da allon ciki, ba a ƙarawa ba a cirewa. A ƙarshen wasan Civilization ake gane su, lokacin da taswira ta cika da birane, ka gama takunka ka zauna kana jiran na'ura ta gama tunanin sarakuna bakwai ɗaya bayan ɗaya.

RAM shi ne wurin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a yanzu. Gigabait 4 yana ɗaukar tsofaffin wasanni, amma Windows kanta tana cinye kusan rabinsa ko fiye. Gigabait 8 ne wurin tsayawa. Idan kwamfutar tana da gurbin RAM biyu, gara a sa 4 da 4 da a sa 8 guda ɗaya, domin sashen hoto na cikin furosesa daga RAM yake aro, kuma ya fi sauri idan yana ɗiba ta hanya biyu.

Katin hoto na dabam kuwa ba ka bukatarsa. Sashen hoton da ke cikin furosesar, irin Intel HD 4400, HD 520 ko UHD 620, ya ishi duk wasannin da muka lissafa na kafin 2013. Katin dabam ƙarin kuɗi ne, ƙarin zafi, ƙarin cin wuta, da ƙarin abin da zai lalace. Idan an dace da mai furosesa AMD Ryzen 5 da hoton Vega 8 a farashi ɗaya, ta fi takwarorinta na Intel a wajen hoto, kuma ita ta fi dacewa da mai son ganin ƴan lifidi.

Abin da na fi so ku riƙe a wannan sashe shi ne faifan ajiya. Tsohon faifai, wanda ake kira hadi dis, yana da faranti mai juyawa da allura a cikinsa. Girgizar babur, ko faɗuwa, ko ɗaukewar wuta yana cikin rubutu, na iya lalata shi. SSD ba shi da abin da ke motsi, ba ya zafi sosai, kuma yana buɗe Windows cikin daƙiƙoƙi. Gigabait 256 ya isa. Idan abu ɗaya tak za a ƙara wa tsohuwar kwamfuta, SSD ne.

Allo ba abin damuwa ba ne. An zana tsofaffin wasanni don allo mai ɗigo 800 a 600 ko 1024 a 768, saboda haka allon 1366 a 768 da ke jikin yawancin kwamfutocin hannu ya ishe su. A kan allo mai yawan ɗigo ma rubutunsu yakan ƙanƙance har ya gagari ido. Linzami kuwa, wanda masu shago ke kira suri ko maus, dole ne. A sayi mai igiya, ba ya neman batir.

Zafi, ƙura da kuran

A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Furosesa tana haifar da nata zafin, ƴar fanka ce ke fitar da shi ta tsakanin wasu siraran haƙarƙarin ƙarfe. Idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, idan abin ya ci tura ta kashe kanta. Mutane da yawa suna ganin wasa ya fara tsinkewa bayan minti 20 sai su ce kwamfutar ba ta da ƙarfi, alhali iska ce ta daina ratsa ta.

A buɗe bayan kwamfutar da ta yi hunturu biyu ba a share ta ba, za a ga abin da nake faɗa. Tsakanin fanka da haƙarƙarin nan akwai wani dunƙule ja-ja mai toka-toka, ƙura da zaren tufafi sun haɗu sun danƙare, ana sa tsinke ya taso gaba ɗaya. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe ya farfashe. Cire wannan dunƙule da shafa sabon mai aikin rabin awa ne a wurin mai gyara, kuɗinsa kaɗan ne, kuma yakan farfaɗo da na'urar da aka fid da rai da ita. Saboda haka kafin a tambayi gudun kwamfuta, a fara tambaya ko tana da sauƙin buɗewa.

Nan ne kwamfutocin ofis na hannu suka yi fice: Lenovo ThinkPad jerin T, Dell Latitude, HP EliteBook da ProBook. An ƙera su ne don manyan kamfanoni masu ma'aikatan gyara, shi ya sa ƴan kusoshi kaɗan ake kwancewa a kai ga fanka da RAM da faifai. Kamfanonin Turai da Amurka sukan sauya su bayan ƴan shekaru, sai su biyo jirgi zuwa Legas ko Kwatano, ko su zagayo ta Dubai, su iso titin Beirut a Kano, daga nan su biyo hanyar Daura da Matamaye. Da yake suna da yawa, batirinsu da cajarsu da madannansu ba sa wuyar samu. Kwamfutar da babu kayan gyaranta tsakanin Damagaram da Maraɗi da Kano, ranar da ta lalace ta mutu ke nan, komai kyanta.

Sai maganar kuran. Kaso mai yawa na wutar da kamfanin lantarki na Nigelec ke rabawa a yankin Damagaram da Maraɗi daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina. Kowa ya tuna yadda aka sha fama daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar, zuwa Maris 2024 da aka maido da ita. Ko a lokacin lafiya ma bazara ba ta rasa ɗaukewa. Kwamfutar tebur ta fi arha idan ƙarfi ɗaya ne, ta fi sauƙin sharewa, iska ta fi ratsa ta. Amma da zarar wuta ta ɗauke ta mutu nan take, wasan awa biyu ya tafi, wani lokaci har da faifan. Sai an haɗa mata na'urar riƙe wuta, wadda ake kira ondilar, ita kuma batirinta ba ya jure zafi. Kwamfutar cinya tana ɗauke da nata batirin a ciki.

Ga kuma lissafin ci. Cajar kwamfutar cinya ta ofis wat 45 ce ko 65. Babbar kwamfutar wasa mai katin hoto, haɗe da allonta, tana iya shan wat 250 ko fiye. A wasan awa 3, ta farko ba ta wuce wat-awa 195 ba, ta biyu kuwa ta kai 750. Mai farantin sola ɗaya da batir ɗaya ya san abin da wannan ke nufi: ko dai a yi wasa fanka na juyawa, ko a kwana cikin duhu da zufa.

Akwai tsaka-tsaki, wato ƙananan akwatunan ofis irin Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny da HP EliteDesk Mini. Girmansu bai wuce na littafi ba, suna aiki da caja irin ta kwamfutar cinya, kuma ana haɗa su da talabijin ɗin gida, muddin an duba cewa bakin igiyarsu ya dace da nasa. Ga mai sola mai tsayayyar wuta, ko ƴan fada da suka yi karo-karo, zaɓi ne mai kyau. Mai dogaro da layin gari kawai kuwa, kwamfutar cinya nake ba shi shawara.

A gaban mai shago

Ko a kewayen Kasuwar Dole ne ko a Kano, ka je da filashi mai ɗauke da wasa ɗaya na kyauta, ka kuma je da wanda ya san na'ura idan kana da shi, ko da ɗan maƙwabci ne mai karatu a Jami'ar André Salifou. Ba a sayen rago ba a duba haƙori ba. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan jiya aka sauke ta, ko Baturen bai more ta ba." Ka amsa da fara'a, "Allah ya sa albarka, maigida, bari in ɗan gwada ta mu gani." Mai gaskiya zai jawo maka kujera.

Ka danna madannin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag. Shafin da zai buɗe zai nuna sunan furosesa da lambarta da yawan RAM. Abin da ya faɗa shi ne gaskiya, takardar da ke manne a jiki kuwa kowa na iya manna ta. Sannan ka buɗe baƙin allon ba da umarni, wanda ake samu idan an rubuta cmd, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai lambobi biyu da suka shafe ka: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. Idan na biyun bai kai rabin na farkon ba, kuɗin sabon batir ya shiga ciniki, sai a rage maka shi. Ka shafa wurin da ake jan yatsa a gaban madannai. Idan ya ɗago ko murfin ƙasa ya kumbura, batirin ne ya kumbura a ciki, kuma wannan haɗarin gobara ne.

Daga nan ka zare caja, ka sa wasanka, ka bar shi yana aiki minti 20 kuna hira. Ka kai bayan hannunka bakin ramin iska. Iska mai ɗumi mai ƙarfi alama ce mai kyau. Idan fanka na ta kuka amma iska ba ta fitowa sosai, hanya a toshe take. Idan tana ƙarar gogayya, ita kanta ta gaji. Duk waɗannan ana gyarawa, amma a san da su kafin a yanke farashi.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa. Ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ka yi ta danna F2 idan Dell ce, F1 idan ThinkPad ce, F10 idan HP ce, don shiga saitin farko da ake kira BIOS. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka bar masa kayansa. Irin wannan makulli na tsohon kamfani yana da wuyar cirewa, kuma yana iya hana ka sake ɗora Windows ranar da bukata ta taso.

Sauran dubawar ba ta da wuya. A gwada kowane madanni da kowane bakin filashi, a buɗe murfi a rufe a ji ko ƙyaurensa na ƙara, a kalli allo a kan farin shafi ko akwai tabo ko layi, a tabbata cajar ta asali ce, domin jabun caja tana cin batir. A lura da tsarin madannai kuma. Wadda ta fito daga Faransa ko Beljiyam tana farawa da AZERTY, wadda ta biyo ta Najeriya galibi QWERTY ce. A tsarin Faransanci sai an danne madannin babban baƙi kafin lambobin sama su fito, wannan kuwa yakan rikita wasannin da ake kiran rundunoni da 1, 2, 3. Ana sauya tsarin a cikin Windows ba tare da an sayi komai ba, a nan ne ma ake samun tsarin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. A ƙarshe a karɓi takardar ciniki mai lambar jikin na'urar da yawan kwanakin da za a iya maido da ita. Wannan takarda ce za ta tsaya maka idan wata rana aka ce kayan sata ne.

Idan ta iso gida

Wani tsohon wasan zai ƙi buɗewa a kan sabuwar Windows, sai mutum ya zargi kwamfutar. Sau da yawa abin da ya rasa wani ɗan sashe ne mai suna DirectPlay, wanda ake kunnawa a jerin sassan Windows na da. Idan bai yi ba, a danna alamar wasan da gefen dama na linzami, a zaɓi ya yi aiki a yanayin Windows XP. Tsofaffin faifan CD masu makullin SafeDisc kuwa Windows 10 ta daina karɓarsu gaba ɗaya, don haka kada a ɓata kuɗi a kansu.

Mai halin saye ta intanet ya duba shagon GOG kafin Steam. GOG yana ba da wasan a dunƙule, a sauke shi sau ɗaya a ajiye a filashi, a ɗora shi ko babu intanet. Steam yana yawan neman sabuntawa, kowace sabuntawa kuma data ce, kuma tun Janairun 2024 ya daina aiki da Windows 7 da 8. Kwafin sata da ake zuba wa mutane a kasuwa yakan zo da ƙwayar cuta ta kwamfuta, wadda za ta bi filashi ta shiga takardun aikinka da hotunan iyalinka. Wanda na'urarsa ba ta kai Windows 11 ba yana iya sa a ɗora masa Linux Mint, kyauta ce, kuma Freeciv, Wesnoth, OpenTTD da 0 A.D. duk suna aiki a kanta.

Wasa da jama'a ba ya bukatar data. Kwamfuta biyu da igiyar sadarwa ɗaya a tsakaninsu sun isa a kara a 0 A.D. ko Freeciv. A Civilization IV da Wesnoth ma mutum uku ko huɗu na iya zagaye kwamfuta ɗaya, kowa ya yi takunsa ya miƙa wa na gaba, shayi na kan wuta. A kunna ajiyar wasa ta kai tsaye, don idan an kira salla ko batir ya ƙare a tashi ba tare da asara ba.

Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin ramukan shan iskarta a ƙasa suke. A sa ta a kan katako, a ɗan ɗaga bayanta da wani abu. A bazara a bar wasa sai rana ta yi sanyi. Idan ta huce a lulluɓe ta da ƙyalle, idan hadari ya taso da walƙiya a zare caja daga bango. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce kafin zafi ya kankama, a kai ta a share fanka.

Aikin aji da na gida

1. Ga furosesa uku: i7-3520M, i5-7200U, i3-8130U. Faɗi zubin kowace, ka nuna wadda Windows 11 za ta karɓa.

2. A ɗauka kana da jika 120. Wani shago yana da sabuwar kwamfuta mai Celeron N da ajiya gigabait 64 a jika 115. Wani yana da ThinkPad ta hannu mai i5 zubi na 6, RAM gigabait 4 da hadi dis, a jika 85. Wacce za ka saya, kuma me za ka yi da canjin? Rubuta dalilanka a layi 8.

3. Batirin sola na gidanku yana iya ba da wat-awa 600 a dare. Fanka tana shan wat 40 na awa 8. Awa nawa za a iya wasa da kwamfuta mai shan wat 45 da abin da ya rage?

4. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai shago ɗaya mai saye. Mai saye ya yi duk gwajin da aka koya a kan kwamfutar aji, ya karanta wa sauran ɗalibai abin da dxdiag da rahoton batir suka nuna.